Motar da Aka Ƙirga Sau Uku

Ofishin Motoci,
Hedikwata,
Litinin, 4 ga wata.

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Ya gwiwar Inna? Ki gaya mata na samu labarin tana ɓoye maganinta a ƙarƙashin matashi, ba abin da ke wuce ni. Ya 'yata Aku, har yanzu bakin nan bai gaji da surutu ba?

Kin yi ƙorafi cewa na zama ɗan gwamnati, ba zuwa ba aike. Kin yi gaskiya, amma ki ji uzurina. Gobe kwamitin majalisa mai sa ido kan hukumomin tsaro na tarayya zai zo ya ga kayan aikin da aka ba mu da yadda muka raba su. Mako biyu ke nan ba mu da aiki sai fenti da wanki. Har itacen bakin ƙofa an shafa wa farin fenti zuwa gwiwa.

Tunda kullum kina tambaya wai me nake yi ne a ofishin nan ban da kaɗa makullai, bari yau in ba ki sirri, amma ya tsaya tsakaninmu. A takarda, hedikwatarmu na da mota talatin da ɗaya. Waɗanda ke tashi in an murɗa makulli goma sha huɗu ne. Sauran suna bayan gareji an ɗora su a kan duwatsu, akwai ma wadda kazar maigadi ke ƙwai a cikinta. In kwamiti ya ga goma sha huɗu zai tambayi ina saura, tambayar kuwa in ta hau sama a kan ƙaramin ma'aikaci take faɗowa. Shi ya sa tun kafin in zo ofishin nan ake yin abin da muke kira aron kallo. Mu kwaso motocin ƙananan shingayenmu, mu aro na masu tsaron iyaka da na masu farautar ƙwaya, mu ɓare musu sitika mu manna tamu, mu ɗaura musu lambobin matattun motocin nan, a jera su reras a fili. Talata a ƙirga mana. Laraba a sake musu sitika a kai wa masu tsaron iyaka, su ma a ƙirga musu. Ba a rubuta komai, don abin da aka rubuta shi ake tambaya.

Hukumomi uku ne da ko a hanya ba ma gaisawa, oba-obarmu ma ba ta jin tasu, amma ranar kwamiti sai ki rantse uwa ɗaya ta haife mu. Shekarata goma sha tara a nan, wannan ne kaɗai haɗin gwiwar da na ga yana tafiya ba gardama.

Abin da ya sa na kawo zancen, jiya mijinki Dogo ya zo. Motar shingen Gada na cikin waɗanda na kira, Dogo kuma ya ƙi ba kowa ita, shi ya tuƙo ta da kansa. Wallahi Auta, yadda mutumin nan ke kula da motar nan har haushi yake ban. Kafin ya miƙa mini makulli sai da ya zagaya ta sau biyu, ya nuna mini ba ko ƙwarzane ɗaya, ya ce haka yake son ya karɓe ta. Ya yi ta mita cewa a Gada waya ba ta kamawa, oba-obarsu a jikin motar take, su huɗu ne a shingen, in wani abu ya taso ƙafa ce kawai. Na ce masa ya daina mugun baki, shekara nawa ana yi ba abin da ya taso. Na yi masa alkawari ranar Alhamis da hantsi zai ga motarsa, cike da mai, wanda kuwa bai saba gani ba.

Makullin nasa na gabana yanzu, da wata igiyar duwatsun ado ja da shuɗi da Aku ta tsara masa. Ya ce in na ɓatar da ita in shirya wa shari'a da 'yarsa, ba da shi ba. Ya ci abinci a gidana, ya cinye rabona ya haɗa da na yara, ya hau motar haya ya koma, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa. Ya ce in gaya miki ƙarshen wata yana tafe.

Uwar yara na gaishe ki. A gaida Inna da kyau, a shafa mini kan Aku.

Naki yayanki,
Mai Makulli.


Hedikwata,
Laraba, 20 ga wata.

Auta,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Ina fata jikin Inna ya yi sauƙi, an ce mini tun ranar ba ta iya cin komai. Ke ma ki daure ki riƙa sa wani abu a bakinki, ko don Aku.

Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Allah ya jiƙan Dogo, ya yi masa rahama, ya sa ya huta. Ban san me zan ƙara a kan wannan ba.

Na san kin ji zafin tafiyar da na yi da wuri. Ko kwana biyu ban cika ba na ce Kwamanda na nemana. Ya neme ni ɗin, amma ba shi ne ya tayar da ni ba. Zaman ne na kasa. Duk inda na juya a gidan nan takalmansa nake gani a bakin ƙofa, manya-manyan nan da muke tsokanarsa da su. Ga Aku ta zo ta zauna a cinyata ta yi shiru, yarinyar da ba ta taɓa minti ɗaya ba magana ba.

Tun da na dawo nake tuna yadda na kawo miki shi. A makarantar horo, da aka tura mu kwas ɗin ƙarin girma, gadonsa na saman nawa, ƙafafunsa na lilo a kan fuskata wata tara. Da muka fito ya raka ni gida sau ɗaya, daga nan kullum sai ya biyo wai ƙishirwa ce ta kawo shi. Sai a zuwa na bakwai na gane ba ruwan gidanmu ne ya fi na kowa daɗi ba. Ni na tsaya masa wajen Inna, na ce mata in dai amana ce, in rufe ido in ba shi ƙanwata. Shekara goma sha ɗaya bai ba ni kunya ba ko sau ɗaya.

Kin yi mini tambaya a soro lokacin da zan fita. Abokin aikinsa ya gaya miki babu mota a shingen ranar, kika ce in gaya miki ina motar take, tunda ni ne mai motoci. Na ce miki ana bincike. Har yanzu ana binciken. Ki ba ni lokaci kaɗan, zan rubuto miki komai.

Uwar yara za ta zo ranar Asabar ta yi muku mako guda. A gaida Inna.

Yayanki,
Mai Makulli.


Hedikwata,
Alhamis, 12 ga wata.

Ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Aku, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Uwar yara ta ce kin rame ƙwarai. Wasiƙarki ta iso, layi uku, tambayar nan dai ita ce. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma kada ki karanta wa Inna.

Zan fara da abin da ya faru a Gada, kamar yadda mutanensa uku suka ba ni. Ranar Juma'a, biyu saura minti goma na rana, wata babbar mota ta taho ta ƙi tsayawa. Ta kwashe shingen, ta matse Dogo da ƙarfen gada, ta wuce. Cinyarsa ce ta dama. Suka ɗaure da bel, jinin bai tsaya ba. Yana cikin hankalinsa, shi ne ma ke gaya musu abin da za su yi. Daga Gada zuwa asibiti tafiyar minti hamsin ce a mota.

Ɗaya daga cikinsu ya ruga da ƙafa zuwa shingen masu tsaron iyaka, kilomita biyu. Su ma ba mota, an kwashe ta aron kallo. Suna da oba-oba ta hannu, amma da hedikwatarsu kaɗai take magana. Hedikwatarsu ta bugo wa tamu waya biyu da rabi. Matar da ke ɗakin oba-obarmu, mace mai tsantseni da ban taɓa jin ta yi kuskure ba, ta buɗe littafin motoci. Ta ga an rubuta shingen Gada na da mota ɗaya, lafiyayya, tana wurin. Rubutuna ne, Auta. Ta ce musu ai Gada na da mota, su ɗauke shi da ita. Ta yi ta kiran oba-obar Gada ba amsa. Saƙo ya koma can, ya gangara shinge, ya dawo cewa babu mota, ta sake duba littafi. Da ta roƙi masu tsaron iyaka su tura motar asibitinsu, suka ce ba mutuminsu ba ne, sai an kawo buƙata a rubuce da sa hannun Kwamanda. Kwamanda kuwa yana wajen kwamiti, wayarsa a kashe. Haka aka yi ta yi har ƙarfe huɗu da rabi, sannan wani manomi ya biyo da motar ɗaukar kaya. Saura tafiyar minti ashirin su isa asibiti ya cika.

Yanzu ga amsar tambayarki. Motar na hannuna.

Na yi masa alkawarin Alhamis. Ranar Laraba da yamma mai motocin masu farautar ƙwaya ya same ni, ya ce kwamiti ya ɗaga zuwa wajensu sai Juma'a, motocinsa ba su cika ba, in taimaka masa da huɗu. Bara ya fitar da ni kunya, ban iya ce masa a'a ba. Na duba fili, motar Dogo ta fi kowacce ƙyalli, na sa ta a ciki. Na ce a raina kwana ɗaya ne, zai yi mita ya gama. Ban aika masa ba, don ba ta inda zan aika. Kuma ni na ba da umarni a kashe duk oba-obar motocin aro, kada wata ta yi magana da sunan wata hukuma a gaban baƙi. Ranar Juma'ar ni ma ina filinsu ina taya su jerawa. Lokacin da matar nan ke kiran Gada, kiran na zuwa cikin motar da ke gabana, a kashe. Ina tsaye da kaki mai guga, wani dattijo ɗan kwamiti ya daki tayarta da ƙafa ya ce haka ake son a riƙa kula da kayan gwamnati. Na yi murmushi na ce mun gode. Ƙarfe uku da kwata ne, na duba agogo don yunwa nake ji.

Na so in gaya miki a soro. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Akwai saura. Kwamiti ya ji labarin rasuwar, ya nemi bayani. Kwamandojin hukumomin nan uku, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan ko wurin ajiye mota ba, cikin awa ɗaya suka haɗa baki. Rahoton da suka rubuta ya ce motar na Gada kamar yadda littafi ya nuna, Dogo ne ya aike ta wata hidimar kansa ba da izini ba, shi ya sa ba ta nan ranar. An ja wa mutanensa uku kunne. Abin da ya rage sa hannun mai motoci, cewa motar ba ta taɓa shigowa hedikwata ba. Takardar na kan teburina tun shekaranjiya. Kwamanda ya ce mini wanda ya tafi ya tafi, ba abin da zai rage shi, ni kuwa saura shekara biyu in yi ritaya, ga yara biyar. Ya faɗa da taushin murya, har da dafa kafaɗa. Ban taɓa jin na tsani hannun mutum kamar ranar ba, amma ban ture shi ba.

Ranar Litinin zan tsaya gaban kwamiti. Ba zan yi miki ƙarya in ce na san abin da zan faɗa ba. Da safe in ce zan fasa ƙwai kowa ya huta, da rana in ga yaran sun dawo daga makaranta in ja da baya. Na dai ga ya kamata ki ji daga bakina kafin ki ji a wani wuri, ko wacce ce za ki ji.

Ban ce ki yafe mini ba. Ban kai nan ba tukuna.

Yayanki,
Mai Makulli.


Gida,
Lahadi, 27 ga wata.

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da Aku. Wata ɗaya da rabi ke nan ban ga amsarki ba, ban kuma yi mamaki ba. Inna ta aiko cewa kin karanta, kin ninke, kin sa a ƙasan akwati. Ta tambaye ni me na rubuto miki. Na bar miki, in kin ga dama ki gaya mata.

Daga gida nake rubutu, don yanzu ba ni da ofis.

Na je gaban kwamitin. Dogon teburi ne, su tara a zaune, kowa da gorar ruwa a gabansa, ga makirufo mai ƙara in an taɓa. Kwamandoji uku na jere a gefe. Har na zauna ban san me zan ce ba, takardar na aljihuna ban sa hannu ba, ban kuma yaga ba. Shugabar kwamitin ta sa aka karanta rahoton. Da mai karatu ya zo wajen da aka ce Dogo ya yi sakaci da kayan gwamnati, sai na tuna shi yana zagaya motar nan yana nuna mini ba ƙwarzane. Auta, ba jarunta ba ce, haushi ne kawai. Na buɗe jakata na zube musu sitika uku da lambar matacciyar mota a kan teburi. Na ce motar Gada kun ƙirga ta ranar Talata, kun ƙirga ta Laraba, kun ƙirga ta Juma'a, kuma ni na jera muku ita duka ukun. Na faɗi komai, har murmushin da na yi.

Kwamanda ya duba agogonsa. Dattijon da ya daki taya ya cire tabarau ya sunkuyar da kai. Shugabar ta tambaye ni shekara nawa ana haka, na ce ta tambayi waɗanda suka riƙe kujerarta kafin ita, duk an jera musu. Matar ɗakin oba-oba, wadda ba wanda ya kira ta, ta miƙe daga baya ta karanto lokutan kira ɗaya bayan ɗaya, goma sha ɗaya. Allah ya saka mata, ita ma ta ɗanɗana kuɗarta daga baya.

Rahoton kwamiti ya fito makon jiya, shafi sittin da biyu. An kira abin da ya faru raunin haɗin kai tsakanin hukumomi. An ba da shawarar a kafa wani kwamiti da zai duba yadda oba-obar hukumomin uku za ta riƙa jin juna nan da shekara biyu. An hana aron kallo, a takarda dai. An mayar da Kwamanda wata shiyya da ta fi wannan girma. Ni an dakatar da ni saboda rubuta abin da ba haka ba a littafin gwamnati, kuma ban yi gardama ba, don na rubuta. Uwar yara ta yi kukanta kwana biyu, ranar na uku ta ce gara haka da ta riƙa kallon fuskar da nake shigowa da ita.

A shafi na arba'in da ɗaya akwai layi ɗaya da rabi. Ya ce marigayi shugaban shingen Gada bai aikata wani laifi ba, ya miƙa motarsa bisa umarni. Na sa an yi miki hoton shafin, na ja layi a ƙarƙashi. Ki ajiye wa Aku. Wata rana wani zai gaya mata wata magana a kan ubanta, ina so ta samu abin da za ta nuna masa. Iyakar abin da na iya ƙwato masa ke nan, kuma na san bai kai komai ba a kan abin da na ɗauke muku.

Motar ta koma Gada a ranar da na miƙa makullai, an tura sabon mutum. Na ga fitarta. Wani ya goge ta da bango a wajen juyawa, gefen hagu duk ya ƙwarzane.

Ranar da zan bar ofis na miƙa makullai arba'in da shida, har da na gareji da sito, ana ƙirgawa ana rubutawa. Da aka zo kan na Gada na ce a dakata, na kwance igiyar duwatsun nan. Wanda ya gaje ni ya ce ai duk abin da ke jikin makulli na gwamnati ne. Na kalle shi kawai, ya kawar da kai. Ga ta nan cikin ambulan, na naɗe ta a takarda kada ta tsinke. Dutse ɗaya shuɗi ya ɗan fashe, haka ya ba ni ita.

Ba na roƙon ki amsa, kuma ba zan zo ba sai kin ce in zo. Abu ɗaya kawai, ki ba Aku igiyarta. In kin ga dama ki ce kawunta ne ya aiko. In ba za ki iya ba, ki ce a cikin mota aka tsince ta.

A gaida Inna. Allah ya jiƙan Dogo.

Yayanki, in har yanzu kin yarda.